Kwana biyu a hanyoyin Vermont

Aboki, ƙarshen watan Satumban 2024 na bar Kano. Bayan kwana biyu tsakanin jirgi da zaman jira na sauka a Boston, daga nan na hau doguwar bas zuwa Burlington, gari mafi girma a jihar Vermont, can arewa maso gabashin Amurka, daf da iyakar Kanada. Ɗan ƙanwata ne yake karatu a can, shi na je dubawa. Kafin wannan tafiya ko sunan jihar ban iya faɗa daidai ba. Mutanenta duka kimanin 650,000 ne, ka ga ƙananan hukumomi biyu na cikin birnin Kano sun fi ta jama'a. Na tafi da nauyi a zuciya, domin makonni biyu ne kacal da ɓallewar madatsar Alau, kuma hotunan Maiduguri cikin ruwa ba su bar idona ba.

Kwana uku da isata yaron ya samo mota, ya ce, "Kawu, zo mu je ka ga duwatsu, ganye ya fara ja." Muka hau babbar hanya mai lamba 89, muka nufi Montpelier, babban birnin jihar. Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne babu allon talla ko ɗaya a gefen titi, ashe tun 1968 doka ta hana kafa su. Na biyu kuma yawan ma'aikatan hanya. Kusan duk bayan ɗan lokaci sai mu riski tifa da katafila da mutane cikin riguna masu ƙyalli, ga kwalta lafiya lau, ba rami ba tsagewa, amma suna ta aiki a cikin lambatun gefe. Na tambaya me suke gyarawa tunda titin bai lalace ba. Ya ce ma'aikatan hukumar sufuri ta jihar ne, wadda ake kira VTrans, kuma ruwa suke gyara wa hanya.

Ban ɓoye maka ba, ni a zatona ambaliya ciwon ƙasashe irin namu ce. Montpelier ce ta fara gyara mini wannan fahimta. Ƙaramin gari ne mai mutum kimanin 8,000, babu babban birnin jiha da ya kai shi ƙanƙanta a duk Amurka, yana zaune a kwari inda wani rafi yake haɗuwa da kogin Winooski. Ranar 10 da 11 ga Yulin 2023 ruwa ya cika tsakiyar garin, har mutane suka riƙa yawo da kwalekwale a titin kasuwa. Rabon da kogin ya kai haka a garin tun 1927. Da shekara ta zagayo, a ranar 10 ga Yulin 2024, wani ruwan ya sake sauka a garuruwan maƙwabta. A wani shagon shayi da muka zauna, mai shagon ta nuna mini a bango inda ruwa ya tsaya. Ya wuce ƙuguna.

Ambaliyar 1927 ɗin ita ce uwar labarin. A watan Nuwamba ta zo, ta kashe mutum 84, har da mataimakin gwamnan jihar, ta kuma tafi da gada fiye da 1,200. Bayanta ne aka gina madatsar Wrightsville a arewa da Montpelier, aka gama a 1935. Mun je mun gan ta. Ganuwa ce ta ƙasa da duwatsu, ciyawa ta lulluɓe ta, ruwan bayanta kuwa can ƙasa yake, saura wuri mai yawa kafin ya cika. Na ce ashe su ma suna fama da ƙarancin ruwa. Yaron ya ce a'a, da gangan ake barin ta haka, don ranar da ruwa zai zo ya sami wurin zama. A 2023 saura ƙiris ruwan ya kai bakin mazubarta. Na daɗe a tsaye ina kallon wannan fili da aka bari don rana ɗaya, Alau na cikin raina.

Washegari muka ɗauki hanya mai lamba 100 zuwa kudu. Nan ne na gane matsalar jihar da idona. Duwatsu ne dama da hagu, su ake kira Korayen Duwatsu, tsakaninsu kwari ne matsattse, kuma a cikin wannan kwari ɗaya kogi da titi da gidaje suke cunkushe. Duk inda titi ya karkata, kogi na biye da shi kafaɗa da kafaɗa. Idan aka yi ruwa mai yawa a kan duwatsun, cikin 'yan sa'o'i yake gangarowa, ɗauke da itatuwa da tsakuwa da manyan duwatsu. Namu ruwan yakan malale ya kwanta a fili. Nasu yanka yake yi.

Haka ta faru ranar 28 ga Agustan 2011, da guguwar da aka sa wa suna Irene ta iso. Ta lalata kimanin kilomita 800 na hanyoyin jiha da gada kusan 200, garuruwa 13 suka yanke daga duniya, sai da jirage masu saukar ungulu aka riƙa kai musu abinci da ruwan sha. Rochester, inda muka tsaya cin abincin rana, tana cikinsu. A can ruwa har wani ɓangare na maƙabartar garin ya ci. Da na ji haka sai da na ajiye cokali.

Tsakanin Rochester da gari na gaba muka tarar an tare rabin hanya, wani mutum riƙe da allo yana ba da hannu. Na roƙi yaron ya sami wuri ya tsaya, muka sauka. Kwalbati suke canjawa. Tsohon yana yashe a gefe, bututun ƙarfe mai tsatsa, faɗinsa bai fi yaro ya shiga a durƙushe ba, bakinsa ya lanƙwashe, har da guntun reshe maƙale a ciki. Sabon kuwa ɗaki ne guda na kankare, na tabbata ƙaramar mota za ta shige ta cikinsa. Abin da ya fi ɗaure mini kai, ƙoramar da ake yi wa wannan hidima ko idon sawu ba ta kai ba. Kuma maimakon su shafe ƙasan kwalbatin da siminti ya yi sumul, sai ga mai katafila yana jera duwatsu a ciki ɗaya bayan ɗaya, manya da ƙanana, kamar mai shirya murhu.

Shugaban ma'aikatan, wani dattijo mai furfura a gemu, bai ƙi mu ba. Yaron yana taimaka mini inda Turancinsu ya yi mini sauri. Bayanin da ya yi shi ne yawancin hanyoyin da suke yankewa daga kwalbati ɓarnar take farawa. Ruwa ya kawo itace ya gicciye a bakin bututu, tsakuwa ta taru a baya, bakin ya toshe, ruwa ya taru ya hau kan titi, ya zubo ta ɗaya gefen yana cin ƙasar da ke riƙe da kwalta, kafin gari ya waye sai rami. Don haka yanzu faɗin ƙorama ake aunawa a lokacin da ta cika bakinta, a yi kwalbatin da zai ɗauke ta gaba ɗaya, har da kayan da take jawowa. Duwatsun da ake jerawa kuma don ruwa ya wuce da irin gudun da ya saba, kada ya fito da ƙarfi ya haƙe gaba, kifi ma ya sami hanyar hawa.

Ya ƙara da wani abu da ban taɓa tunani ba. Da can, in an yi ambaliya, sai a shiga kogi da katafila a miƙar da shi, a yashe shi ya yi zurfi, a ga kamar an yi maganin abin. Ashe ƙara masa gudu ake yi, ɓarnar sai ta sauka a kan garin da ke gaba. Tun bayan Irene hukumar sufuri da ta albarkatun ƙasa suke haɗuwa su koyar da ma'aikatan hanya, har da direbobin katafila, halin kogi: inda za a jibge manyan duwatsu a kare gindin titi, da inda za a ƙyale ruwa ya bazu a fadama ya huce. Tsofaffinmu sun daɗe suna cewa ruwa ba ya mance hanyarsa. Na tuna gidajen da na gani an gina a tsakiyar hanyar ruwa a unguwarmu, da kwalbatin bakin layinmu da leda da yashi suke cikewa duk shekara, sai ruwan farko ya shiga zaurukan mutane sannan mu fito da shebur a yi gayya. Ina cikin masu fitowa, kuma ban taɓa tsayawa na kwatanta faɗinsa da na ruwan da yake bi ta cikinsa ba.

Kada ka ɗauka komai a hannun jiha yake. Fiye da rabin hanyoyin Vermont ba su da kwalta, burji ne da tsakuwa, abin da ban yi tsammanin gani a Amurka ba. Waɗannan kowane gari ne yake kula da nasa, da giredarsa da tifarsa da 'yan ma'aikatansa, jiha tana tallafawa da kuɗi da shawara. A Talatar farko ta watan Maris mutanen gari sukan taru su kaɗa ƙuri'a kan kasafin shekara, har da kuɗin hanya. Aikin kuma bin yanayi yake yi. Da hunturu ana ture dusar ƙanƙara ana watsa gishiri. In ta fara narkewa sai hanyoyin burji su koma taɓo, har suna da lokacin da suke kira kakar taɓo. Da ɗumi ya shigo sai a koma yashe lambatu, a shimfiɗa masa duwatsu a gangare, a share bakin kwalbati, a cike ramuka. Gadoji kuwa doka ce a duba su lokaci-lokaci, yawanci duk bayan shekara biyu. In ruwa ya taso, akwai shafi a waya da ke nuna hanyar da aka rufe, yaron ya buɗe ya nuna mini.

Da la'asar muka karkata kan hanya mai lamba 107, wadda take bin Farin Kogi daga Stockbridge zuwa Bethel. Ita ce ta ƙarshe da aka buɗe cikin hanyoyin jiha bayan Irene, a ƙarshen Disamban 2011, wata huɗu bayan ruwan, domin a wasu wurare kogin bai bar ko alamar titi ba. Da jirgin ƙasa aka riƙa kawo duwatsun da aka cike wurin. Muka tsaya a gefe na leƙa. Daga bakin kwalta har zuwa ruwa duwatsu ne jibga-jibga, wasu sun kai girman buhun gero uku a haɗe, ciyawa da ƙananan itatuwa sun fara fitowa a tsakaninsu. Kogin yana can ƙasa, garai-garai, ana ganin tsakuwar cikinsa, wani mutum tsaye a tsakiya da dogon takalmi yana jefa ƙugiya.

Yaron ya ce, "Kawu, rana ta yi sanyi, mu nemi wuri mu yi salla." Na gangara a hankali ta kan duwatsun, na tsuguna a bakin ruwa na yi alwala. Sanyinsa har cikin ƙashi.