Rana da Ruwa a Tankin Baba

Shekara ashirin da biyu mahaifina ya yi yana jigilar fasinja tsakanin Kano da Katsina. Da kuɗin wannan mota aka saya mini allo, da shi kuma aka biya mini kuɗin jami'a. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da cire tallafin man fetur, kafin mako ya zagayo litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500. Fasinja suka ja baya, balas ya gagara, daga ƙarshe Baba ya jingine motar a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, ya lulluɓe ta da tamfol.

A lokacin ina shekarar ƙarshe a fannin kimiyyar haɗa sinadarai, ina laluben abin da zan yi bincike a kansa. Wata azahar na tarar da shi zaune yana fifita, rana tana dukan rufin motar har ba a iya dafa shi. Ya ce, "Ka ga wannan rana? Da ana ɗura ta a tanki, da yanzu ina Katsina." Da wasa ya faɗa, amma da maganar na kwana.

Ilimin ba sabo ba ne. Tun a 1800 wasu Turawan Ingila biyu, William Nicholson da Anthony Carlisle, suka ratsa ruwa da lantarki, suka ga ya rabu zuwa iska biyu, haidurojin da oksijin. Idan faifan sola ne ya ba da lantarkin, haidurojin ɗin ya zama hasken rana da aka adana. A cikin mota kuwa akwai wata na'ura da ke sake haɗa shi da oksijin na sarari, haɗuwar ta haifar da lantarkin da ke juya ƙafafu, abin da ke fita ta salansa kuma ruwa ne zalla. Kamfanin Toyota ya fara sayar da irin wannan mota, Mirai, a 2014, Jamus ta sa jirgin ƙasa mai haidurojin a kan dogo a 2018, Japan kuma ta buɗe wata tasha a garin Namie na yankin Fukushima a 2020, inda faifan sola mai ƙarfin megawat 20 ke ciyar da na'urar raba ruwa.

Na ari faifan sola mai wat 100 daga wani maƙwabci mai cajin waya. Na samo cokulan ƙarfe biyu marasa tsatsa da bokitin roba, na roƙi Inna ɗan guntun kanwa, domin ruwa zalla ba ya ɗaukar lantarki sosai, gishiri kuma yana fitar da iska mai guba. Da na haɗa wayoyin, ƙananan kumfa suka fara tasowa daga jikin cokulan, na ɗaya ya ninka na ɗayan yawa, daidai yadda littafi ya ce. Farin ciki ya ɗebe ni, na yi gangancin tara iskokin biyu a gora ɗaya, na kusanto da ashana. Ƙarar ta watsa kajin gidan, gashin girata ya babbake, Inna ta fito tana salati. Ranar na gane dalilin da ya sa ake raba su tun daga tushe.

Baba bai yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi: "To, yaushe zan tayar da motar?"

Daren nan na zauna da biro, lissafi kuma ya sanyaya mini jiki. Kilo ɗaya na haidurojin yana kai ƙaramar mota kimanin kilomita 100, amma samar da shi yana cin tataccen ruwa lita 9 da lantarki sama da yunit 50. Faifan da na aro rabin yunit yake bayarwa a wuni. Ke nan sai na shafe fiye da wata uku kafin in tara kilo guda, zuwa Katsina kawai ya ci rabin shekara. Ko na tara, sai an matse iskar cikin tanki na musamman da ƙarfin da ya ninka na sarari sau 700, injin motar Baba ma ba don ita aka ƙera shi ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a tsakanin raba ruwa da matsewa da sake haɗawa, kusan kashi biyu cikin uku na lantarkin yana salwanta, alhali da batir aka yi caji da shi kai tsaye, mafi yawansa zai isa ƙafafun mota.

Da safe na durƙusa na ce, "Baba, ku yi haƙuri, ba bana ba, ba kuma da wannan motar ba." Na yi tsammanin ganin takaici. Sai ya ce, "Gara da ka faɗa mini gaskiya. Makanikin da ke cewa komai zai gyaru yau, shi ke kwanar da direba a daji."

Wannan magana ce ta daidaita mini alƙalami. A kundin bincikena na rubuta cewa adaidaita sahu da ƙananan motoci batir ya fi dacewa da su. Haidurojin kuwa gurbinsa yana wajen tireloli da jiragen ƙasa, inda nauyin batir da jiran caji ke zama cikas, da kuma masana'antun taki. Na kuma ja kunne game da ruwa, domin unguwar da ke jiran mai garuwa kowace safiya ba za ta yafe wa wanda ya ɗebe ruwan shanta ya zuba wa mota ba.

Baba ya sayar da motar daga baya, ya kama sana'ar hatsi. Cokulan nan biyu suna kan teburina har yau, kuma ina neman gurbin ƙaro karatu a kan na'urorin raba ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Rana tana fitowa a ƙofar gidanmu kullum, kuma har yanzu ina ɗauke da bashin amsar tambayar Baba.