Kwatarkwashi Ma a Littafi Yake?

Duk dogon hutu nakan baro jami'a in dawo Malumfashi, in tarar damina ta zauna, masara ta yi goyo. Bana ma haka aka yi. Wata ranar bayan La'asar muka baje tabarma a ƙofar gida, mu uku da muka yi firamare tare, muna cin gasasshiyar masara, hira ta gangaro kan inda kowa zai kai iyalinsa kafin a koma makaranta.

Ɗayanmu, malamin labarin ƙasa a sakandare, ya ce, "Dakta, ka tuna zuwanmu Kwatarkwashi?" Na tuna sarai. Muna samari muka hau motar haya zuwa Funtuwa, muka sauya ta Gusau, bayan mun wuce Tsafe sai ga dutsen ya tokare sama. Ya ce shi da Kufena na Zariya narkakken dutse ne da ya sandare a ƙarƙashin ƙasa fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce, zaizaya ta yaye abin da ya lulluɓe su. Na ukunmu, mai sayar da taki, ya ce shi dai iskokin da kakarsa ta ce suna zaune a kansa ya sani. Muka tuntsire da dariya.

Dariyar ba ta yi nisa ba, domin babu wanda ya ce a ɗauki yara a bi wannan hanya. Tun da aka kwashe ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, nan kusa da mu, a Disambar 2020, lissafin tafiya ya sauya a gidajenmu. Ni kaina, da nake ta gaya wa ɗalibai cewa gani ya kori ji, daga Malumfashi sai jami'a.

Ashe ɗana mai shekara 11 yana zaure yana sauraro, da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam a hannu. Tun 1934 littafin ke yawo da yaran Hausawa garuruwa da ƙasar aljannu, kuma ni na saya masa don ya zauna gida. Ya leƙo ya ce, "Baba, Kwatarkwashi ma a littafi yake?"

Na ce a'a, yana nan, tafiyar 'yan sa'o'i ce. Ya ce, "To yaushe za mu?"

Malamin labarin ƙasa ya zaro wayarsa, ya shiga lalubo masa hoton dutsen.