Dutsen Da Yake Barci

Duwatsu masu aman wuta iri uku ne. Akwai mai ci yanzu, akwai wanda ya mutu, akwai kuma wanda barci kawai yake yi. Irin na ukun nan ne muka hau a tsibirin Sint Eustatius, wanda mutanen wurin suke kira Statia, can cikin tekun Karebiyan. Tsibirin ƙarami ne, wajen mil 8 murabba'i, mutanensa kuwa kimanin 3,000. Yana ƙarƙashin ƙasar Holan. Da yawa cikin mutanen jikokin bayi ne waɗanda aka kwaso daga Afirka.

Sunan dutsen Quill, daga wata kalmar mutanen Holan mai ma'anar rami. Tsayinsa ya kusa ƙafa 2,000. Masana sun ce rabonsa da aman wuta wajen shekara 1,600 ke nan.

Hanyar hawa ta tashi ne daga bayan garin Oranjestad. Da sassafe muka kama ta, kowa da gorar ruwansa, gama in rana ta ɗaga zafi yakan yi yawa. Da fari jejin busasshe ne, ƙananan itatuwa da awaki suna kiwo. Muna ƙara hawa, ganye yana ƙara duhu, iska tana ƙara sanyi. Sai muka riƙa jin wani abu yana gangarowa kamar tsakuwa. Ashe ƙaguwoyi ne. Irin wannan ƙaguwa ba ta da ƙoƙon kanta, sai ta shiga ƙoƙon katantanwar teku ta riƙa yawo da shi. In ta ji motsi sai ta ƙudundune ciki ta mirgino. Mun ga wani siririn maciji mai jan ciki, amma ba ya cutar mutum. Bayan kamar sa'a guda muka kai bakin ramin.

Mai karatu, in an ce bakin dutse mai aman wuta, watakila za ka zaci toka da baƙaƙen duwatsu. Mu dai kurmi muka tarar, kore shar, ya cika ramin. Gangarawa ciki sai da hankali, gama akwai santsi, wani wuri ma sai an kama igiya. A ƙasa ba iska, ba rana sosai, sai laima da kukan kurciya. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne rimi. Irin namu ne sosai, da manyan saiwoyinsa masu kama da bango, har mutum yakan ɓuya a tsakaninsu. Akwai kuma ragowar itatuwan koko da ayaba waɗanda mutanen dā suka dasa. Tokar da dutsen ya amayar ita ce ta zama ƙasa mai albarka.

A nan ƙasan ramin muka zauna muka ci guzurinmu, muna tunani. Inda muke zaune, ta nan wuta ta fito. Mai barci kuwa yana iya farkawa. Ba da nisa ba akwai tsibirin Montserrat. Dutsensa ya yi ɗaruruwan shekaru shiru, mutane suka yi gonaki a gindinsa. A 1995 ya farka. A watan Yuni na 1997 ya kashe mutum 19, daga baya toka da laka suka binne babban garinsu Plymouth, fiye da rabin mutanen tsibirin suka yi ƙaura.

Mutanen Statia sun san wannan labari sarai, duk da haka ba su gudu ba, ba su kuma yi sakaci ba. Masana daga Holan sun kafa na'urori masu auna motsin ƙasa, suna tsaron dutsen dare da rana, gama irin wannan dutse yakan yi girgiza kafin ya tashi. Mutane suna gina gidaje, yara suna zuwa makaranta, amma kunnensu yana wajen masu tsaro. Wannan hali ya gamshe mu ƙwarai. Tsoro ba ya hana su noma, noma kuma ba ya sa su manta da maƙwabcin da yake barci a bayan gidansu.