Kyautar Dokta Kananga

Na san wani zai yi mamaki ya ga malamin makaranta, wanda furfura ta fara leƙo masa a gemu, ya ɗauki alƙalami don ya yi magana a kan sinima. To, ina roƙon a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe, domin wata gardama ce da aka yi a gabana a shagon wani tela ta tsaya mini a rai, na ga ya kamata in kawo ta nan mu duba tare.

Mu da muka tashi a unguwar Birikiteri ta Yawunde, yawancinmu ba a manyan gidajen sinima na cikin gari muka koyi kallo ba, a gidajen bidiyo ne. Zaure ne ake shimfiɗa wa bencina, a ɗora talabijin a kan tebur, a rufe ƙofa da bargo, sa'an nan a rubuta sunan fim da alli a wani ɗan allo a jingine shi a waje. Dala biyar ake biya a shiga. Finafinan da Faransanci suke magana, wanda ya ji ya fassara wa na kusa da shi. Mutum biyu kawai muke nema a kowane fim, akta da shef-bandi, wanda 'yan'uwanmu na Nijeriya suke kira bos. Doka ɗaya ce kuma kowane yaro ya haddace ta, watau akta ba ya mutuwa, shef-bandi kuwa sai an kai ƙarshe yake mutuwa.

Ina ɗan shekara 14 na fara ganin fim ɗin James Bond mai suna Live and Let Die, wanda aka rubuta mana a allo da sunansa na Faransanci, Vivre et laisser mourir. A 1973 aka yi shi, daga littafin da Ian Fleming ya wallafa a 1954, kuma shi ne na farko daga cikin guda 7 da Roger Moore ya fito a matsayin wannan ɗan leƙen asiri na Ingila. Labarin ya fara da kashe 'yan leƙen asirin Ingila 3, ɗaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, ɗaya a birnin New Orleans na Amurka, ɗaya kuma a wani tsibiri na ƙage da ake kira San Monique. Aka tura Bond ya gano mai hannu a ciki. Sawu ya kai shi ga mutum biyu, Dokta Kananga mai mulkin tsibirin, da wani uban 'yan daba na unguwar Harlem da ake ce wa Mista Big.

Ban manta ba da abin da ya faru a zauren nan lokacin da Mista Big ya sa hannu ya yage fatar roba daga fuskarsa, sai ga Dokta Kananga, ashe mutum ɗaya ne. Zaure ya ɗauki sowa. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Ɗan Kamaru ne fa!" Daga nan dokar da muka haddace ta rushe, yara suka koma bayan shef-bandi, har da ni. Da aka zo ƙarshe Bond ya cusa masa wani harsashi mai iska a baki, ya kumbura ya tashi sama ya fashe kamar balan-balan, babu wanda ya yi tafi. Wani ma takalminsa ya cire ya jefi talabijin, mai gidan bidiyo ya kore mu duka.

Maganar mai ihun nan tana da tushe. Yaphet Kotto, wanda ya fito a matsayin Kananga, an haife shi a New York a 1939, kuma shi da bakinsa ya sha faɗa cewa mahaifinsa daga Kamaru ya je Amurka, daga zuriyar sarautar Bell ta Duwala. Shi ne baƙar fata na farko da aka ba matsayin babban mugu a finafinan Bond. Ya rasu a watan Maris na 2021 a ƙasar Filifin yana da shekara 81.

Labarin rasuwar tasa ne ya sa wani abokina tela ya nemo fim ɗin, ya gayyace mu shagonsa bayan sallar isha'i, aka kafa kwamfuta a kan teburin yanka. Mu wajen takwas ne, da wani dattijo tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, da mai tsiren bakin titi, da wani saurayi mai haya da babur wanda ya zo karɓar ɗinki ya zauna. Ana gamawa gardama ta sarƙe.

Tela ne ya fara. Ya ce shi a wurinsa Kananga namijin duniya ne. Mutum ne mai mulkin ƙasa, mai kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya sa kwat ya zauna daram, ba ya ɗaga murya, amma ya juya 'yan leƙen asirin Ingila da na Amurka kamar waina a tanda. Ya ce lokacin da muke yara, baƙin mutum a fim ɗin Turawa ko dai ɗan dako ne ko kuku, sai ga wannan yana ba da umurni ana rawar jiki. "Shi ya sa suka yi masa wannan mutuwar wulaƙanci," in ji shi, "don kada yaranmu su fita suna kwaikwayonsa." Na gyaɗa kai, domin abin da ke raina ke nan tun ina yaro.

Dattijon nan ya yi gyaran murya ya ce, "Ɗana, ka kalli rigar, ba ka duba ɗinkin ba, kai da kake tela." Ya ce a ƙirga baƙaƙen da ke cikin fim ɗin. Direban tasi ɗan rahoton Kananga ne, mai goge takalma haka, masu kawo abinci haka. Har masu rakiyar gawa a New Orleans, da kaɗe-kaɗensu da kukansu, ashe makasa ne, suna ɗauke gawar wanda suka soke sai su ɓarke da rawa. Mutanen tsibirin kuwa an nuna su ba su san kome ba sai tsafi da macizai da tsoron dodo. Ya ce wanda bai taɓa zama da baƙin mutum ba, in ya ga wannan, me zai ɗauka? Na sa baki na ce, "Baba, ai akwai baƙaƙe biyu a ɓangaren Bond, mai jirgin ruwan nan da wani jami'in Amurka." Ya ce, "Malam, ɗaya yaronsa ne, ɗayan kuma ba a daɗe ba aka kashe shi." Ya ƙara da cewa a Afirka ta Kudu, zamanin mulkin wariyar launin fata, sai da aka yanke wuraren da Bond ya keɓe da baƙar macen nan, Rosie, kafin a yarda a nuna fim ɗin. Wannan gaskiya ne, na yi shiru.

Mai tsire ya yi dariya ya ce mu 'yan boko mun cika neman ƙashi a cikin tsoka. Shi dai abin da ya biya kuɗinsa tun yana yaro shi ne wurin da Bond ya taka bayan kadoji ya tsallake ruwa, da tseren jiragen ruwa, da mugun nan mai hannun ƙarfe. Na gaya masa cewa wanda ya taka kadojin nan da gaske mai gonar kadojin ne a Jamaika, sunansa Ross Kananga, sai a karo na 5 ya samu ya tsallake, kuma sunansa aka ara aka ba mugun. Ya ce to shi wannan ne jaruminsa, sauran duk wasa ne, a bar shi a wasa.

Duk wannan abin da ake yi saurayin nan bai ce uffan ba. Sai da aka lafa ya dube ni ya ce, "Malam, ku duk ba ku ji abin da mutumin ya ce zai yi ba ne?" Ya maimaita mana shirin Kananga kamar mai biya karatu. Yana noma tsiron da ake yin hiroyin da shi a tsibirinsa, ya sa tsoron dodo ya hana talakawa kusantar gonakin. Zai ɗauki tan 2 na wannan gari ya raba kyauta a gidajen abincinsa da ke Amurka. Masu sayarwa za su karye tunda ba mai sayen abin da ake bayarwa a banza, masu sha za su ninka, sa'an nan in kasuwa ta zama tasa shi kaɗai ya sa kuɗin da ya ga dama. Saurayin ya ce, "Wallahi Malam haka aka yi mana da tiramol. Ban san mutum ɗaya a tasharmu da ya sayi ta farko da kuɗinsa ba." Ya ɗauki ɗinkinsa ya yi mana sallama.

Ban yi barcin kirki ba a daren nan, saboda maganarsa ta tuna mini da wani ɗalibina. Na koyar da shi a ajin ƙarshe na firamare, kuma tunda na fito daga makarantar horar da malamai ban ga yaro mai kan lissafi kamarsa ba. Kafin in gama rubuta tambaya a allo ya ɗaga hannu. Rashin hali ya sa bai yi nisa a sakandare ba, ya kama haya da babur ɗin wani. Nakan hau bayansa in ba shi kuɗi ya ƙi karɓa. Wata rana na lura idonsa ya yi ja, maganarsa ta yi sauri, yana gudu da ni kamar ana korarsa. Na tambaye shi, ya ce wani babban yayansu a tasha ne yake ba su maganin gajiya don su kai dare suna aiki, ba ya ma karɓar kome. Na ce masa ya yi hankali, iyakar abin da na yi ke nan. Gidansu bai fi taku ɗari uku daga namu ba, na san mahaifinsa, muna haɗuwa a masallaci, amma na ce a raina kada in shiga abin da ba a sa ni ba. Bayan shekara biyu mai babur ya karɓe abinsa. Yau yaron yana nan a bakin kwata, in ya gan ni yakan miƙe ya ce, "Malam ina wuni," sa'an nan ya roƙe ni dala ashirin. Duk ranar da na ba shi na san inda kuɗin za su, in na hana shi kuma in kasa cin abinci.

Saboda haka da na sake auna gardamar shagon tela, sai na ga kowa ya riƙo wani yanki na gaskiya. Dattijon yana da hujja, waɗanda suka shirya fim ɗin sun zana baƙar fata yadda suka ga dama, kuma wajibi ne mu koya wa yaranmu su riƙa tambaya, wa ya yi wannan hoto, don wa ya yi shi? Tela ma ba a banza ya yi magana ba, Yaphet Kotto gwani ne, ya ba wannan matsayi kwarjinin da ya fi ƙarfin labarin, kuma ni ma har gobe ina ganin mutuwar da aka rubuta masa raini ce. Amma gwanintar ɗan wasa daban, halin wanda ya kwaikwaya daban, mu kuwa muka haɗa su muka yi wa duka biyun tafi. Akwai mutanen da fim ɗin bai nuna ba ko sau ɗaya, watau waɗanda za su karɓi kyautar. A ina gidajen abincin Kananga suke? A Harlem da New Orleans, a unguwannin baƙaƙe 'yan'uwansa. Tan biyun nan a cikin jinin 'ya'yansu zai fara sauka. Mu da muka yi masa sowa don fatarsa irin tamu ce, da a Harlem aka haife mu, da mu ne 'yan layin karɓa. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma wanda ya ba ɗalibina ƙwaya ta farko ba Bature ba ne, sahu ɗaya suke bi a masallaci.

Tun daga lokacin na ƙara wata tambaya a darasin lissafi na 'yan ajin ƙarshe. Nakan ce musu, ɗan kasuwa ya sayo kaya da kuɗinsa, ya yi wata guda yana rabawa kyauta, a ina zai mayar da uwar kuɗinsa har ya ci riba? Sukan yi shiru, can sai wani ya ce, "Malam, sai dai in kayan irin wanda in ka ɗanɗana ba ka iya bari ne." In ce masa ya ci, ya zo ya rubuta a allo kowa ya kwafa. Ban hana kowa kallon James Bond ba, ni ma in aka sa gobe zan zauna in ga wurin kadojin nan. Roƙona ga iyaye da malamai 'yan'uwana shi ne, wanda ya ga idon ɗan maƙwabcinsa ya canza, ya taka ya je ya gaya wa uban tun da wuri, ko da za a ce masa ya cika shisshigi. Ni na ji nauyin taku ɗari uku, ga shi ina biya da dala ashirin-ashirin.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba wannan yaro da ire-irensa lafiya, ya yafe mana sakacinmu.