Abin da Ke Saura a Cikin Bindiga

Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san ƙarar bindigar hawan sallah. Ƴan bindiga su jeru, a ji rugugi kamar hadarin Agusta, hayaƙi fari ya turnuƙe ƙofar fada, dawaki su zabura, mata su ɗauki guɗa. Idon kowa yana kan abin da ya fita daga bakin bindiga. Ni kuwa abin da ya saura a cikinta nake so mu duba, domin a nan ne ake gane ko hannun mai harbi zai kai sallar baɗi da yatsunsa biyar.

Kawuna maharbi ne, adakarsa ta girme ni nesa ba kusa ba. Tun ina lakwal ɗin firamare aikina ne in ɗebo masa ruwan zafi da tsumma duk ranar da ya yi harbi. Ba ya cin tuwo sai ya wanke bindiga. Kafin ya wanke kuwa sai ya zura tsumma a kan sanda, ya zaro, ya tsaya yana dubawa kamar malami da allo. In tsumman ya fito da toka mai laushi, sai ya gyaɗa kai. In ya ga ƙwayoyi baƙaƙe da ba su ci wuta ba, ko wani baƙin abu mai danƙo kamar kwalta, sai ya tsuke baki ya ce, "Ɗan nan, wannan albarushin ƙarya yake yi." Daga ranar ya daina saye wajen mai shi, ko da kuwa abokinsa ne.

Sai da na kai lise muka fara darasin kimiyya sannan na sami sunan abin da yake karantawa a tsumman. Albarushin gargajiya, wanda ake haɗawa da gawayi da farar wuta da wani irin gishiri, ba ya zama iska dukansa in ya kama. Fiye da rabin nauyinsa yana komawa hayaƙi da toka. Wannan ko da mai kyau ne. In kuma ya sha danshi, ko haɗin bai game ba, ko ƙwayarsa ta yi wa bindigar girma, to wani sashe ba zai ƙone ba sam. Babbar ƙwaya a hankali take ci, shi ya sa ta dace da igwa. Ƙaramar ƙwaya da sauri take ci, ita ce ta ƙaramar bindiga. Kowace bindiga da cimarta.

Saurar nan kuwa tana da aiki uku, duka marasa kyau. Na farko, tokar tana jawo laima, laima ta kawo tsatsa, tsatsa ta riƙa cin ƙarfe daga ciki inda ido ba ya gani, har ranar da bututun zai gaza. Na biyu, takan ɓoye ɗan garwashi. Mutum yana gaggawar sake ɗuri don kada abokai su riga shi, ya zuba sabon albarushi a kan wutar da bai gani ba, ta tashi a fuskarsa. Na uku, albarushi mai danshi yakan yi jinkiri. A ja kunama, shiru, mai bindiga ya juyo ta ya leƙa, sai a lokacin ta tuna da aikinta.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a garinmu. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi doguwar sarautarsa daga 1851 zuwa 1884, Damagaram ta yi suna da bindiga fiye da maƙwabtanta. Ayari yana kawo bindigogi daga Tarabulus ta hanyar Sahara, maƙeran sarki suna ƙera igwa a nan cikin gari, ana kuma haɗa albarushi a gida. Marubucin tarihi André Salifou, wanda jami'armu ta Zinder take ɗauke da sunansa, ya rubuta littafi sukutum a kan Damagaram ta wancan ƙarni, har da wasan kwaikwayo a kan Tanimun. In na bi ta gefen abin da ya rage na ganuwar Birni nakan tuna da mutanen da ba a ambatonsu a kirari: masu ƙona gawayi, masu daka, masu tankaɗe. Igwa ba ta san sarauta ba. In ƙwayar ba ta dace ba, ko dai ta yi tari kawai ta zubar da harsashi a gabanta, ko ta fashe ta tafi da masu ita. Duk ƙarfin da Damagaram ta nuna wa maƙwabta, har yaƙe-yaƙenta da Kano a zamanin Sarki Ahmadu Kuren Daga, yana tsaye ne a kan hannun mutumin da ya iya bambanta albarushin kirki da na banza.

Ga wani abin mamaki. A 1884, shekarar da Tanimun ya rasu, wani masanin kimiyya a Faransa mai suna Paul Vieille ya fito da sabon albarushi wanda kusan ba ya hayaƙi, ba ya barin toka mai yawa, kuma ƙarfinsa ya ninka na tsohon. Bayan shekara biyu, a 1886, Faransa ta ƙera bindigar Lebel don shi. Duniyar bindiga ta juya ke nan, mu muna nan. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder. A watan Yuli na 1899 sojojin Faransa suka haɗu da rundunar Kuren Daga a Tirmini, yamma da gari. Bindigoginsu ta baya ake ɗura su, da harsashi shiryayye cikin kwanso. Mai adaka kuwa sai ya zuba, ya danna da sanda, kuma kowane harbi yana ƙara cushe masa bututu da datti. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba ran nan. Lokaci ne ya yi ƙaranci tsakanin harbi da harbi.

Tun daga nan albarushi ya zama iri biyu a duniya, kuma a nan ne matsalarmu ta yau take. Sabon irin an yi shi ne don bindigar kamfani, wadda aka gwada ƙarfenta aka san nauyin da zai ɗauka. Ko a Amurka, inda maharba suke sake cika kwanson harsashinsu da kansu, masu manyan bindigogi masu faɗin baki suna fama da wannan tambaya. In suka sa albarushi mai jinkirin ci, sai su tarar da ƙwayoyin da ba su ƙone ba a cikin bututu. In suka sa mai saurin ci fiye da kima, ƙarfin ya wuce abin da ƙarfe zai jure. Mutane ne masu sikeli da littattafan awo, amma suna taka-tsantsan. To ina ga adakar da maƙeri ya yi da bututun da ba wanda ya taɓa gwada shi?

Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. A unguwarmu akwai wani tsarana, tare muka yi ƙwallo, gwanin tsaron gida ne. An yi bikin wani abokinsu, aka ba shi aron bindiga don ya taya murna. Wani ya ce masa albarushin tsofaffi ba ya ƙara sosai, ga kuma datti, ya kawo masa na cikin harsashin zamani, wai shi ne mai tsabta. Gaskiya ne, mai tsabta ne. Harbi ɗaya bututun ya tsage kamar kara. Yau da hannun hagu yake koyon rubutu. Wallahi duk lokacin da muka gaisa sai na rasa inda zan sa idona. Wanda ya ba shi shawarar ba mugu ba ne, bai sani ba ne kawai, kuma bindiga ba ta karɓar uzurin rashin sani.

Mu samarin yanzu muna son ƙara. Muna son hayaƙin ya fito da kyau a waya, a sa a Facebook, a ce wane ya iya. Wanki da ruwan zafi ba ya shiga hoto. Zama gaban tsoho yana maka bayanin toka ba ya kawo tafi. Sai ga shi muna gadon rabin sana'a: mun karɓi bindiga, mun bar ilimin da ke riƙe da ita. Tsofaffin da suka san abin kuwa suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya rubuta abin da ke kansu.

Ban ce a daina harbin sallah ba. Hawan da babu rugugi, ai ba hawan Damagaram ba ne. Roƙona ga ƴan'uwa ɗalibai guda biyu ne. Wanda duk ba a koya masa ba, kada ya karɓi bindiga a wajen biki don kunya ko don a ce masa namiji, kuma kada ya bari a zuba wa adaka abin da ba nata ba. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Mu kuma masu biro, hutun da ke tafe mu nemi tsofaffin maharba da maƙeran Birni da Zango, mu durƙusa mu gaishe su, mu tambaye su yadda suka koya da wajen wa suka koya, da irin hatsarin da suka gani da idonsu. Mu rubuta da Hausa, mu kai a buga kamar yadda aka buga wannan ɗan littafi, ko kofi talatin ne. Kuɗin takarda bai kai kuɗin yatsa ɗaya ba.