Tsingaron da ɗalibata ta kawo aji

Wata ranar Litinin, wata ɗalibata ta ajiye tsingaro a kan teburina, mai zanen igiya a bayansa. Ta ce a gonar babanta ta tsince shi, kuma irinsa ya cika wurin. Sai ta tambaye ni: “Mushe, wannan ma tarihi ne?”

Na yi shekara 19 ina koyarwa, amma na ɗan yi jim. A makarantar horon malamai an koya mana tarihi da sunayen sarakuna da shekarun yaƙi. Na iya faɗin yadda sojojin Maroko suka karya Songhai a Tondibi a 1591, da yadda ragowar Askiyawa suka gangaro nan Dendi. Wanda ya gina tukunyar da ke hannuna kuwa ba ya cikin littafina.

Da dare na shiga intanet, na tarar ashe an yi aikin a tsallaken kogi, kusa da mu. Daga 2011 zuwa 2015 wata tawaga ƙarƙashin Anne Haour ta jami'ar East Anglia a Ingila, tare da masana na Binin, ta yi bincike a Dendin Binin, musamman a kufan Birnin Lafiya da ke sama da Malanbil. Sun yi haƙa, amma ba da ita kaɗai suka dogara ba. Sun duba hotunan tauraron ɗan adam don gano tuddan da mutane suka taɓa zama. Duk inda suka ga tsingaro sun ɗauki lambar wurin da GPS, suka zuba a taswirar kwamfuta. Akwai kuma wata na'ura da ake tafiya da ita a bisa ƙasa, tana auna maganaɗisun da ke cikinta. Ƙasar da wuta ta taɓa ci, kamar murhu ko gidan da ya ƙone, takan fito daban, don haka sai a san inda ya kamata a sa cebur. A Birnin Lafiya sun tono daɓen da aka jera da tsingaro, kuma gwaji ya nuna an zauna a wurin tun wajen ƙarni na 4 har zuwa na 13. Wato garin ya tashi, ya tsufa, ya zama kufai tun kafin Askiyawan littafina su iso.

Da son samu ne, da na kwashi yara mun je. To amma a lokacin gadarmu tana rufe tun 2023, kuma ni ba zan zuba ƴaƴan mutane a kwalekwale ba. Sai na buɗe Google Earth a wayata, yara 64 suna zuwa biyar-biyar. Gadar Gaya ta burge su, wasu har sun gano rufin gidajensu. Da muka kai kufan, shiru. Fili ne kawai mai ja-ja-ja. Wani ya ce, “Mushe, ai babu komi.” Gaskiyarsa. Hoton sama ba ya yi wa wanda bai taɓa sunkuyawa ya duba ƙasa ba magana.

Sai na sake dabara. Na ce kowa ya tambayi kakansa ina ne kufan da ya sani, wa ya zauna a can, me ya tashe su. Kada a tona, kada a kwaso. A duba kawai a zana a kaye. Cikin mako biyu muka samu wurare 7. Da muka koma kan wayar da sunayen nan, yaran da kansu suka fara nuna mini inda launin ƙasa ya canza.

A nan ne wata damuwa ta taso. Wani uba ya tare ni a kasuwa, ya yi ƙasa da murya: “Malam, wai wayar taka tana nuna inda aka binne kaya?” Nan take na tuna da Bura, can wajen Tera. Bayan da Boubé Gado ya yi haƙa a wurin a 1983, duniya ta ga gumakan yumɓun, sai masu tonon sata suka auka wa yankin, kaya suka yi ta sulalewa Turai. Lambar GPS da ke taimakon masani ita ce kuma za ta kai ɓarawo har bakin rami, musamman in ta shiga WhatsApp.

Na ce masa fasassun tukwane ne kawai, ba su da kasuwa. Ban tabbata ya yarda ba.

Tun daga ranar na hana a tura hoton da ke nuna wuri. Yara suna da zanensu da labarin kakanninsu. Lambobin wuraren 7 suna cikin kaye ɗaya a akwatina. Na rubuta wasiƙa zuwa cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ina jiran wanda zai tafi in ba shi hannu da hannu. Tsingaron kuwa na ce yarinyar ta mayar da shi daidai inda ta ɗauko, ta nuna wa babanta wurin kafin a sa garma bana.