Kunnen Muzurun Inna

Litinin

Muzurun Inna ya dawo da asuba kunnensa na hagu ya langaɓe, ya kumbura suntum kamar ƙosai. Na taɓa na ji laushi da ɗan ɗumi, babu rauni, babu wari. Sai kaɗa kai yake yi, yana kai ƙafar baya yana susa. A gidanmu na Kanti, nan cikin Kazaure, ba don ado muke ajiye shi ba. Geron da aka kwaso daga gonarmu ta Gwiwa yana jibge a ɗakin ajiya, kuma shi ne mai gadinsa. Inna ta shafa masa man kaɗe. Kafin azahar ya goge shi da hannu ya lashe.

Talata

Kawu ya iso daga Roni da hantsi, ya duba sau ɗaya ya yanke hukunci. "Yaya, ƙurji ne ya nuna. A sa basilla a wuta a yi masa sakiya, gobe ki gan shi garau." Haka yake yi wa tumakinsa, kuma sau da yawa yana dacewa. Autarmu ita kuma ta ɗauko Panadol za ta ɓalla masa rabi.

Nan na tsaya kai da fata. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol ɗin da ke cikin Panadol yadda tamu take yi. Ƙwaya guda tana iya lalata mata jini: dasashi ya canza launi, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara, ta mutu. Dettol ma guba ne a gare ta, balle fiya-fiya da wasu ke ɗiga wa dabba don ƙuma. Kyanwa tana lashe duk abin da ya hau jikinta, saboda haka abin da aka shafa mata tamkar ɗura mata aka yi. Kawu ya ce boko ya sa ni tsoron mage. Inna ce ta raba gardamar, ta tuna masa hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Basilla ta koma cikin kwando.

Laraba

Na sa shi a kwali na kai wa malamin dabbobi. Mutane na riƙe da igiyar awaki da raguna, ni na rungumi kwali yana kuka. An yi mini dariya sosai.

Malamin ya ce ba mugunya ba ce, jini ne. Fatar kunne tana manne da guringuntsi, da ƙananan jijiyoyi a tsakaninsu. Yawan susa da kaɗa kai ke fasa su, jinin ya taru ya raba fatar da guringuntsin. Ƙurjin cizon faɗa daban yake, ya fi zafi da ciwo, kuma yakan zo da zazzaɓi. Da an yi sakiya, da an buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa zuwa tarin jini mai tsabta. Ya leƙa ramin kunnen, ya lakato baƙin datti mai ɓarɓashi a jikin auduga.

"Ga mai laifin, Malam. Ƙananan ƙwari ne, dangin kaska, da ƙyar ido ke ganinsu. In ba a kashe su ba, ko sau nawa aka zuƙe kunnen zai sake cika."

Ya zuƙe jinin da sabon sirinji, ya yi masa allurar ivermectin. Na lura ɗan ɗigo ya auna. Kwalbar ta shanu ce, kuma masu sayen ta a kasuwa su yi wa ƙaramar dabba da ƙiyasi su ne ke kashe ta.

Alhamis

Aikin gida ya fara. Ana naɗe shi a tsohon zani a bar kai kawai, auta ta riƙe, ni in goge iyakar inda ido ke gani, in ɗiga maganin da aka ba mu, in murza gindin kunnen a hankali. Ba a zura tsinke. Na yanka kwali na zagaye masa wuya don ƙafa ta daina kaiwa. Ya tsani abin, yana tafiya da baya yana karo da turmi.

Ya yakushi auta a hannu. Muka wanke da sabulu da ruwa mai yawa na kwata guda. Kyanwa ma tana ɗaukar ciwon haukan kare. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana nan tun 1924 kuma tana yin allurar rigakafin wannan ciwo, amma a unguwarmu ban taɓa jin wanda ya kai magensa rigakafi ba. Na buga wa malamin waya, ya ce a kai ta asibiti a duba, shi kuma muzurun a tsare shi a sa masa ido kwana goma. Mun kai ta da yamma.

Asabar

Kunnen ya sake cika, kusan rabin na farko. Kawu ya ji labari a waya, ya yi dariyar mai gaskiya. An sake zuƙewa. Malamin ya ce in ya cika karo na uku sai a tsaga a ɗinke fatar da guringuntsin, aikin da ke bukatar allurar barci da likita, mai yiwuwa sai Kano.

Talata

Susa ta ragu ƙwarai. Yana cin tuwo da kan kifi. Ɓeraye sun gane mai gadi na jinya, sun huda buhu biyu.

Laraba, mako biyu da allurar farko

An yi ta biyu, domin ƙwan ƙwarin ba ya mutuwa da ta farko, kuma daga ƙwai zuwa girma suna ɗaukar kimanin mako uku. Kumburin ya tafi, sai dai kunnen ya yi kauri ya ɗan tankwashe, kuma haka zai zauna. Hannun auta ya warke. Na cire kwalin wuyan, Inna ta wanke buhun da yake kwana a kai ta shanya a rana.

Saura magen maƙwabtanmu, wadda suke kwana tare a kan katanga. Ita ma tana kaɗa kai, kuma ƙwarin nan daga kunne zuwa kunne suke bi. Na tari maigidan bayan sallar magariba. Ya ce, "Malam, kuɗin allurar mage? Ai ko awakina ban yi wa ba bana." Mun rabu a kan shi zai kamo ta ranar Asabar, ni in biya.